Dabulof a Gonar Dawa

Sunansa na baftisma Francis, amma in ka shiga Zuru kana neman Francis, sai an nuna maka mutum goma kafin a kai ka ƙofarsa. Ka ce Kofur Dabulof kawai, ko akuyar unguwa ta san gidan. Shekara ashirin da takwas ya yi a soja, kamar yadda ubansa ya yi, kamar yadda rabin mazan garin suka yi. Bambancin dai, sauran sun dawo da tabo, wasu da sanda, wasu ma ba su dawo ba. Shi kuwa da tumbi ya dawo, da Turanci. Duk shekarun nan a ɗakin ajiya ya cinye su, yana ba da bargo yana karɓar bargo. Harsashi bai taɓa bi ta unguwar da yake ba. Abin da ke shigowa ta tagar ɗakin ajiyar shi ne muryar samanja yana korar kurata a filin fareti, ita kuwa ya kwashe tsaf ya kawo gida.

Turancin nasa ba wani mai yawa ba ne, kuma duk wuri ɗaya ya dosa: a yi sauri. Akwai dabulof, wadda ta zame masa suna, wato a ɗaga ƙafa a ruga. Akwai kwikmac. Akwai fulsifid da ya tsinta wajen direbobin bariki. Shaf-shaf kuwa sai bayan ritaya ya same ta, a ƙofar shagon Ambrose, Ibon nan mai sayar da taki da maganin feshi a bakin kasuwa, inda ake buga dara kullum da azahar. In aka zo aikin ƙarfi, sai Kofur ya fito da na ƙasan akwati: olawut, handired fasen, wai mutum ya zuba duk ƙarfinsa kada ya rage ko na komawa gida.

Abin haushin shi ne mai wannan baki bai taɓa yin sauri a kan komai ba. Ranar Lahadi tun da sassafe yake tayar da gida da ihu, kowa ya shirya ya fito tsakar gida, sannan a tsaya jiransa yana ɗaure igiyar takalmi. Ba a taɓa fara wa'azi yana cikin coci ba. In aka yi rasuwa, shi ne na farko a bakin kabari, hannu a baya, yana ce wa masu haƙa su yi olawut, amma babu mai rai da zai rantse ya taɓa ganin diga a hannunsa. Akwai agogo a wuyan hannunsa da ya tsaya tun shekarar da ya ajiye kaki, duk da haka kafin ya yi wa mutum tsawa sai ya fara duba shi.

Wadda ta fi kowa shan wannan Turanci ita ce matarsa Theresa, shekara talatin da huɗu cur. Ta sha shi a kan tuwo, ta sha shi a kan wanki, ta sha shi har ranar da take naƙudar 'yarsu Gladys, yana tsaye bayan taga yana ce wa ungozoma kwikmac. Tun tana amsawa har ta daina. Ta mai da muryarsa kamar janareton maƙwabci, yana damunka amma ba ka fasa abin da kake yi saboda shi. Ba wai ta tsane shi ba ne, akwai ma ranakun da yake ba ta dariya. Raini ne dai ya samu wuri a zuciyarta ya zauna, tun suna bariki.

Gonar gidan tana bayan gari, a gindin dutse. Kofur ya fi kowa cewa "gonata", amma Theresa ce ta san inda ruwa ke kwanciya a cikinta. Abin da take shukawa jar dawa ce mai dogon wuya, wadda ta gada wajen uwarta, ita ma uwar ta gada wajen tata, can ƙauyensu a kan duwatsun bayan Danko. A gidan ba a kiranta da komai sai dawar Kaka. Kununta yana da kauri da wani ƙamshi da Theresa ba ta taɓa ji a dawar kasuwa ba, kuma ko ruwa ya ɗauke da wuri takan daure ta cika ido. Ƙauyen nan yanzu babu kowa. 'Yan bindiga sun tashe shi, rumbuna sun ƙone, mutane sun watse. Dangin da suka gudo Zuru a gidan Theresa suka sauka, suka yi shekara biyu, kuma baki goma sha uku ba ya barin komai a rumbu. Da ƙyar ta ɓoye iri a cikin tulu, daidai na shuka biyu.

Shukar farko ruwa ya yaudare ta. Ya sauka sau biyu, ya ɗauke mako uku, tsiron ya bushe a ƙasa. Ta juye tulun ta sake shukawa. Wannan karon dawa ta fito, ta yi kyau, har ta ɗara taƙi. Iyakar sanin Theresa, abin da ke tsaye a gonar nan shi ne dawar Kakar da ta rage a duniya. In ta tafi, babu gidan da za a je a roƙo.

Ciyawa ta taso tare da dawar, kuma a makon ne aka bugo waya daga Dirin Daji cewa Gladys ta sauka, haihuwar fari. Uwa ba ta da zaɓi, dole ta je. Ciyawa kuma ba ta san an yi haihuwa ba. Sai Theresa ta sayi kwalba ɗaya ta maganin nan da ke kashe ciyawa ya bar dawa, ta yi magana da Abubakar Siddiƙ, wani magidanci mutumin Bena, mai furfura a gemu, wanda da damina yake bin gonaki da famfon goyo yana feshi. Da safen da za ta tafi ta tsaya a gaban mijinta da jaka a ka.

"Baban Gladys, ka saurare ni. Gwangwanin madara ɗaya a kowane famfo. Famfo shida, gona ta ƙare, kwalba ta ƙare. Abubakar ya san aikinshi. Kai dai ka kai shi, ka nuna mishi iyaka, ka yi shiru."

"Roja," in ji Kofur, wato ya ji, yana goge takalmi.

"Mi na ce?"

"Madam, ni da na riƙe kayan bataliya guda, feshin ciyawa ne zai gagare ni? Dabulof, mota za ta bar ki."

Motar ba ta cika ba sai bayan awa biyu.

Ranar feshi Kofur ya yi shiri kamar za a ci gari da yaƙi: tsohuwar hular soja, wando mai karin guga, sandar hannu, kujerar roba da lema. A tsakiyar gonar akwai wani tsohon suri da ya baje ya zama ɗan tudu, dawar da ke kewaye da shi ta fi ta ko'ina kyau. Nan ya kafa kujera ya soka lema, domin kwamanda, in ji shi, sai yana ganin fili duka. Abubakar yana can bakin gona wajen duron ruwa, yana aikinsa yadda ya saba. Ya ɗauraye gwangwani, ya tace ruwa da tsumma don kada bakin famfo ya toshe, ya ɗaura ƙyalle a hanci. Duk wannan natsuwa ta tsaya wa Kofur a wuya, ga dara tana jiransa da azahar. Ya duba mataccen agogonsa, ya cika ƙirji.

"Dabulof!"

To, nan ne fa. A bariki kalmar nan gudu take nufi, amma Abubakar bai taɓa kwana a bariki ba. Dabul ɗin da ya sani shi ne na kowa da kowa. In ka ce wa mai shayi dabul, ƙwai biyu zai fasa maka. Ɗan kabu-kabu in ya yi dabul, mutum biyu ya ɗora a babur. Ga shi kuma tsawar ta same shi da gwangwani a hannu, cike da magani, yana shirin juyewa. Ya ɗaga gwangwanin sama, ya ɗaga yatsa biyu.

"Dabul kac ce, Kofur?"

Daɗi ya kama Kofur har cikin ƙashi. Shekara tara yana zuba Turanci a Zuru, yau ne aka fara amsa masa da shi. Yatsun ma ya ɗauka alamar nasara ce irin ta sojoji, shi ma ya ɗaga nasa biyu.

"Dabul! Yawwa, ga mutum mai kai!"

Abubakar bai gamsu ba. Ya ajiye gwangwanin ya tako har gindin surin.

"Kofur, wanga magani hwa, in yay yi yawa, ba shi sanin dawa ba shi sanin haki..."

"Wa ya ce ka bar wurin aikinka? Obe bifo komfilen!" Wato a yi abin da aka ce tukuna, ƙorafi ya biyo baya.

"To ai Mama ta ce..."

"Mama tana Dirin Daji. Nan ni ne."

Shi ma Abubakar ba za a wanke shi tas ba, don ya san abin da hannunsa ya saba zubawa. Amma ya dubi hular, ya tuna shi ba ya karanta rubutun jikin kwalba, mai hula kuwa ga Turanci har yana zuba. Ya ce a ransa wataƙila sabon magani ne marar ƙarfi, kuma gona dai ta mai gona ce. Ya koma ya zuba biyu.

Famfo uku aka yi, kwalba ta ƙare, rabin gona na nan. Duk mai kunnen da ya ji maganar matarsa, a nan zai ce a dakata. Kofur kuwa sai ya ga shaida ce ta aiki yana gudu. Ya zaro waya ya kira Ambrose.

"Oga Kofur," in ji Ambrose da Hausarsa ta kasuwa, "Madam ya saya ɗaya. Ɗaya ya isa wannan gona. Mene ka yi da shi?"

"No taim, Ambrose. Kwalba biyu, shaf-shaf."

Ambrose mai shago ne, ba fasto ba. Ya ba ɗan kabu-kabu ya kawo.

Kafin nan rana ta ɗaga, lokacin dara ya matso, Kofur ya ga dabulof ɗaya ba ta isa ba. Daga kan kujera ya buɗe maƙogwaro ya juye duk abin da ya mallaka: "Dabul-dabul! Fulsifid! Olawut!" Abubakar ya yi lissafinsa, dabul sau biyu huɗu ke nan. Ya yi salati a ransa ya zuba huɗu, famfo uku a jere, har kwalaben biyu suka ƙare.

Da feshi ya iso gindin surin, ya tsaya.

"Kofur, ɗan tashi in hwesa wurin ga."

"Kwamanda ba ya barin wurinsa. Zagaye!"

Gaskiyar ita ce kujera ta yi masa daɗi, lema ta kafu, kuma tashi aiki ne. Abubakar ya zagaye shi da nisa, don kada magani ya taɓa wandon nan mai kari. Kafin azahar an gama. Kofur ya isa ƙofar shagon Ambrose yana shelar cewa aikin da Madam ke kwana uku a kai, shi ya tashe shi kafin rana ta take. Bai sake leƙa gonar ba.

Ranar kwana goma Theresa ta dawo. Daga tasha ba ta bi ta gida ba, gona ta wuce da jakarta a ka. Tun daga nesa ta ga launin ba shi ba ne. Ta ƙara sauri, sannan ta rage, don ƙafafunta sun riga sun gane. Ciyawa ta mutu, haka ne. Dawa ma ta mutu. Ganyen ya murɗe ya yi ruwan ƙasa, ya kwanta a kan kunya. Ta kama guda ta ja, ta biyo hannunta ba gardama. A gefen duron ruwa ga kwalabe uku babu komai a ciki, ita kuwa ɗaya ta saya.

Ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ba gonar kawai take wa kuka ba. Uwarta ta tuna, tana saukowa daga kan dutse da zangarniyar iri a hannu, tana zaɓen wadda za a rataya a saman murhu. An ƙone ƙauyen, an bar kabarin uwar a daji babu mai zuwa, abin da ya rage mata na wurin shi ne wannan dawa, ga shi an kashe ta a gidan aurenta ba da bindiga ba. Ranar nan ta ji kamar sau biyu aka yi mata rasuwar uwa.

Da ta share ido sai ta hango kore a kan surin. Ta tashi ta je. Da'ira ce, kamar an kifa babban faifai, dawa a tsaye lafiya lau, ciyawa na wasa a tsakaninta. A tsakiya ga ramuka huɗu na ƙafafun kujera, ga na biyar inda aka soka lema. Ta ƙirga, kara arba'in da uku. Ta ajiye jaka ta durƙusa, ta cire ciyawar da hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tafi neman Abubakar.

Mutumin bai ɓoye komai ba, kansa a ƙasa. "Mama, dabul yac ce. Na tambaye shi, na sake tahowa na tambaye shi. Daga baya ma dabul-dabul yac ce."

Theresa ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Shekara talatin da huɗu tana jin kalmar nan, ta san abin da mai ita yake nufi, ta kuma san abin da kunnen mutumin Bena zai ji. Ta kwashi kwalaben uku ta nufi bakin kasuwa. Ana tsakiyar dara, mutane sun kewaye, ta jera su a gaban mijinta.

"Baban Gladys, nawa na ce?"

Ambrose ya tuna yana da aiki a cikin shago. Da Kofur ya ji abin da ya faru, ya gyara hula ya ce wannan ai laifin jahilci ne, mutum bai je makaranta ba, an ce masa ya yi sauri ya je ya ninka magani.

"Shi bai ji Turanci ba," in ji Theresa. "Kai Hausa ce ba ka iya ba, ko yarenmu na C'lela da aka haife ka a ciki? 'Yi sauri' ce ta fi ƙarfin bakinka?"

Babu wanda ya motsa ɗan dara. Wani ya tambaya ko babu abin da ya tsira, ta ce akwai, kewayen inda ya zauna. Nan take fuskar Kofur ta washe, don irinsa ko a rami ya faɗa sai ya ce da gangan ya sauka.

"Kun ji ko? Wurin da na tsare da kaina..."

"Haka ne," ta katse shi. "Shekara talatin da huɗu, abu ɗaya da ka taɓa yi mini mai amfani shi ne zaman da ka yi ka ƙi tashi. To, shi za ka ci gaba da yi."

Washegari ta kewaye surin da ƙaya, ta kafa masa kujerarsa a gefe, ta ba shi gwangwani da tsakuwa a ciki. Aikinsa korar awaki, in dawa ta fid da kai kuma korar tsuntsaye. Ya karɓa ba musu, ba don ya tuba ba, sai don ƙofar shagon Ambrose ta daina zaunuwa. Yana isowa wani zai ce wa mai shayi, "Ba Kofur dabul." A gona ma bai tsira ba, masu wucewa a babur sukan rage gudu su ɗaga masa yatsa biyu. Dawar Kaka kuwa ba ta san sauri ba, sai ta cika watanninta. Wata huɗu da ɗoriya yana zaune yana kallon kara arba'in da uku suna tsawo a lokacin da suka ga dama. Tun yana duba agogo har ya cire shi ya sa a aljihu.

Da kaka ta yi, zangarniya talatin da takwas suka cika. Theresa ta yanke su da hannunta, ba ta bari ya taɓa ko ɗaya ba. Ta ɗaure su dami guda ta rataya a saman murhu, yadda uwarta ke yi. Kofur ya tsaya a ƙofar madafa, ya yi magana da Hausa tsantsa, abin da ta daɗe ba ta ji ba.

"Maman Gladys, ko kunu ɗaya ba za a dama ba? In ɗanɗana abin da na yi gadi."

"Iri ne, ba na ci ba."

"Sai yaushe ke nan?"

"Baɗi a shuka a sake ajiyewa. Baɗin baɗi, in da rai."

Ta lura bai ce komai da Turanci ba, amma hakan bai taɓa mata zuciya ba, don ya zo a makare.

Da ruwan farko ya sauka, Kofur ya fito da kujerarsa ya goge, har da lema. Theresa ta sauke damin daga saman murhu, ta naɗe shi a zane, ta sa a jaka tare da kayanta. Kayan sun fi na kwana goma.

"Gona za mu?" ya tambaya.

"Dirin Daji za ni. A gonar Gladys za a shuka ta, ni zan shuka, ni zan nome, ni zan yi gadi. Sai an girbe za ka gan ni. Akwai masara a buhu, ka san hanyar injin niƙa."

Ta ɗora jaka a ka ta fita. Ya ɗan tsaya kamar bai fahimta ba, sannan ya biyo ta, takalmi ko ɗaurewa bai yi ba, yana cewa ta kawo ya riƙe mata. Theresa mace ce da ta tashi a kan dutse, tafiyarta ba ta wasa ba ce. Kafin su kai kwanar kasuwa ta ba shi rata. Tumbin nan na shekara ashirin da takwas a ɗakin ajiya ya fara neman hakkinsa, numfashi ya gagara. A daidai ƙofar shagon Ambrose, a gaban 'yan dara, ya dafa bango.

"Theresa! Dakata mana. A hankali, don Allah."

Akwai kalmar da tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa sa ta a bakinta ba. Ba ta waiwayo ba, ba ta kuma ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Dabulof, Kofur."

Ranar nan mutum ɗaya motar Dirin Daji take jira. Tana shiga aka rufe ƙofa.